Girgizar Da Ba Ta Firgita Kowa Ba, Ruwan Da Ya Share Garuruwa

 

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata tambaya da masana suka kwashe fiye da shekara ɗari suna bi, kuma kusan kowane mataki na amsarta sai da aka biya shi da rayuka. Tambayar ita ce: me ya sa wata girgizar ƙasa takan zo a hankali, ko kofi ba ta kayar daga kan tebur ba, amma bayan rabin awa teku ya taso ya cinye gari? Mu da muke Katsina, sama da kilomita 800 tsakaninmu da bakin teku, wani zai ce ina ruwan biri da gada. Ku dai biyo ni, labarin zai dawo da mu gida.

Daren Sanriku, 1896

Ranar 15 ga Yuni, 1896, wajen ƙarfe bakwai da rabi na yamma, mutanen gaɓar Sanriku da ke arewa maso gabashin Japan suna cikin gidajensu ana shagali. Ranar ta dace da bikinsu na gargajiya na 'ya'ya maza, ga kuma murnar sojojin da suka dawo daga yaƙin da aka gwabza da ƙasar Sin. Sai aka ji ƙasa tana lilo a hankali na 'yan mintoci. Mutanen yankin sun saba da girgiza kamar yadda muka saba da hazo lokacin hunturu, sun kuma ga waɗanda suka fi wannan nesa ba kusa ba. Saboda haka aka ci gaba da hidima.

Bayan kamar minti 35 aka ji rugugi daga wajen teku, sai ga ruwa. A wani ƙauye mai suna Ryori, ruwan ya hau tudu har mita 38, wato tsayin bene mai hawa goma sha biyu. Kimanin mutum 22,000 suka rasu a daren nan. Masuntan da suke can tsakiyar teku ba su ji komai ba, domin igiyar ta wuce ta ƙarƙashin jiragensu salin-alin. Da gari ya waye suka juyo gida, sai suka riƙa cin karo da ɓaraguzan gidaje da gawarwaki a kan ruwa. Ita kanta kalmar tsunami daga harshen Japananci take, ma'anarta igiyar tashar jirgin ruwa, domin a gaɓa take nuna kanta.

A lokacin babu wanda ya iya bayyana yadda girgiza mai laushi haka ta haifi irin wannan ruwa. Kafin a kai ga amsar, sai da aka fara gane yadda ɓawon duniya yake.

Yadda ƙasa take a ƙarƙashinmu

Ɓawon duniya a tsattsage yake. Manyan ɓangarori ne, mu kira su faya-fayai, kowane yana tafiya santimita kaɗan a shekara. Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya fito da batun cewa nahiyoyi suna tafiya tun a 1912, aka yi masa dariya, ba a yarda da maganar ba sai a ƙarshen shekarun 1960. A wasu wurare faya-fayan suna rabuwa da juna, kamar a tsakiyar tekun Atlantika. A wasu suna gogar juna gefe da gefe. A wasu kuma ɗaya yana kutsawa ƙarƙashin ɗaya, kamar ka tura tabarma ƙarƙashin wata tabarmar. Wannan na ukun shi ne abin da za mu kira mahaɗar nutso, kuma a nan ake samun girgiza mafi girma a duniya: ta ƙasar Cile a 1960 mai ƙarfin maki 9.5, da ta Alaska a 1964 mai maki 9.2.

Inda faifan ƙasa ya fara nutsewa akwai kwazazzabo mai zurfi a ƙasan teku. Na gabas da Japan ya kai zurfin kilomita bakwai zuwa takwas. Daga cikin kwazazzabon nan ne fuskar da faya-fayan biyu suke haɗuwa take farawa, ta gangara a karkace har ƙarƙashin tudu. Wannan fuskar ita ce tsaga. Faifan tekun Fasifik yana kutsawa ƙarƙashin Japan da kimanin santimita takwas a shekara, amma fuskokin biyu sukan cije da juna. Na ƙasa yana tafiya, yana jan bakin na sama yana lanƙwasa shi kamar yadda maharbi yake ɗana baka. Shekara ɗari, ɗari biyu, ɗari biyar, har ranar da cizon ya kasa riƙewa. Sai faifan sama ya fizge ya koma mazauninsa cikin mintoci. Fizgewar ita ce girgizar ƙasa. Idan kuma ƙasan teku ya ɗaga a wannan fizgewar, duk ruwan da ke bisansa ya ɗaga ke nan, kamar ka naushi gindin baho cike da ruwa daga ƙasa. Tudun ruwan nan shi yake bazuwa, yana gudun da ya kai kilomita 700 a awa a teku mai zurfi, sai ya iso gaɓa ya rage gudu ya ƙara tsayi.

Mu a nan muna zaune a tsakiyar faifan Afirka, a kan tsohon dutse, nesa da bakinsa. Shi ya sa ginin ƙasa irin hasumiyar Gobarau yake iya daɗewa a tsaye ba girgiza ta kayar da shi ba. Motsin da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumbar 2016, da na Mpape a Abuja a Satumbar 2018, ƙanana ne, kuma a tudu suka faru. Ko girgizar Ankara ta ƙasar Gana ta ranar 22 ga Yuni, 1939, wadda ta rushe gidaje ta kashe mutane a birnin da tun a lokacin yake da zangon Hausawa, ba daga mahaɗar nutso ta fito ba, domin gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da ita. Amma bakin faifan namu na arewa yana nutsewa a ƙarƙashin tsibirin Kirit na ƙasar Girka. A can ne aka yi girgizar ranar 21 ga Yuli, shekara ta 365, wadda ruwanta ya afka wa birnin Iskandariyya na Masar. Wani marubucin tarihi na zamanin Rumawa, Ammianus, ya rubuta cewa har a kan rufin gidaje aka tsinci jiragen ruwa.

Leɓen tsaga

Masana sun kasa tsagar nan kashi uku gwargwadon zurfi. Can ƙasa akwai gindi, inda zafi ya sa dutse ya yi laushi yana silalewa ba hayaniya. A tsakiya akwai ciki, inda dutse mai tauri ya cije da ɗan'uwansa, nan ne matattarar ƙarfi. A sama kuma, kusa da kwazazzabo, akwai sashe marar zurfi da za mu kira leɓe. Leɓen nan laka ce da taɓo da tarkacen da suka kwanta a ƙasan teku, jiƙe sharkaf da ruwa. An daɗe ana ɗaukar cewa abu mai laushi haka ba zai iya cijewa ba balle ya fizge, kuma idan fizgewa ta taso daga ciki, da ta iso leɓe za ta mutu, kamar mota ta shiga yashi.

Abin da ya faru ranar 1 ga Afrilu, 1946 ya ƙi shiga wannan lissafi. An yi girgiza kusa da tsibirin Unimak a Alaska, na'urorin lokacin suka auna ta maki 7.4, wato babba ce amma ba ta fitar hankali ba. Sai ga ruwa ya hau kusan mita 40 ya share wata hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina da kankare, da ma'aikatanta biyar. Kafin awa biyar ruwan ya isa tsibiran Hawai ya kashe mutum 159. Wannan ne ya sa Amurka ta kafa cibiyar gargaɗin tsunami a Hawai a 1949.

A 1972 wani masani ɗan Japan, Hiroo Kanamori, ya ɗauko tsofaffin bayanan 1896 da na 1946 ya jera su. Ya nuna cewa iri ɗaya ne: girgizar da ruwanta ya fi ƙarfin jijjigarta nesa ba kusa ba, domin fizgewar ta gudana a hankali. Ya raɗa musu suna girgizar tsunami. Shekara ashirin bayan haka, a farkon Satumbar 1992, irinta ta faru a Nikaraguwa, a karon farko a gaban na'urorin zamani. Da yawa daga mazauna gaɓa ba su ma ji motsin ba, amma ruwa ya kai mita goma a wasu wurare, ya kashe kimanin mutum 170. Na'urorin suka nuna cewa fizgewar ta ɗauki kusan daƙiƙa ɗari, kuma a leɓe ta faru.

Ga yadda abin yake. Jijjigar da jikin mutum yake ji, wadda take kaɗa tagogi ta zubar da kwanuka, daga karyewar dutse mai tauri take fitowa, inda tsagewar take gudun kilomita biyu da rabi zuwa uku a daƙiƙa. A cikin laka kuwa gudun yakan sauka zuwa kilomita ɗaya ko ɗaya da rabi. Abin da yake isowa tudu sai ya zama lilo mai tsawo, kamar mutum yana cikin kwalekwale. Ga kuma nisa, domin leɓe yana can wajen kwazazzabo, sau da yawa kilomita ɗari ko ɗari biyu daga gaɓa. To amma abu mai laushi ya fi zamewa da nisa idan ya samu turi. Sannan babu wani kauri tsakanin leɓe da ƙasan teku, duk abin da ya motsa kai-tsaye yake tura ruwa. Kuma ruwan da ke bisansa shi ne mafi zurfi. Ga teku, motsin da ya ɗauki minti biyu ko uku daidai yake da ƙiftawar ido, domin ruwan ba ya samun sararin gocewa gefe. Kun ga ke nan abin da ya rage wa jijjiga ƙarfi shi ne ya ƙara wa ruwa tsayi.

Darasin Indonesiya

Babu ƙasar da ta sha wannan darasi kamar Indonesiya. Da safiyar Lahadi 26 ga Disamba, 2004, tsagar da ke yamma da tsibirin Sumatara ta fizge tsawon kimanin kilomita 1,300, girgiza mai maki 9.1. Lardin Aceh, wanda ake wa laƙabi da Barandar Makka saboda daga nan alhazan yankin suke hawa jirgin ruwa a zamanin da, shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Da yawanmu mun ga hoton masallacin Rahmatullah na Lampuuk tsaye shi kaɗai, duk unguwar da ke kewaye da shi ta zama fili. Mutum fiye da 160,000 suka rasu ko suka ɓata a Aceh kaɗai, jimilla kuma kusan 227,000 a ƙasashe goma sha huɗu. Bayan kamar awa bakwai ruwan ya ƙetare tekun Indiya ya iso Afirka, ya kashe kusan mutum 300 a Somaliya, garin Hafun na cikin waɗanda suka fi shan wahala.

A cikin wannan musiba akwai wani tsibiri mai suna Simeulue, wanda yake dab da inda girgizar ta fara. Mutanensa kusan 78,000 ne, akasarinsu a bakin ruwa suke zaune, gidajensu sun rushe, amma mutum bakwai kawai ruwan ya kashe. Ba su da na'ura, ba su da jiniya. Abin da suke da shi kalma ce guda: smong. Ranar 4 ga Janairu, 1907, ruwa ya taɓa cinye ƙauyukan tsibirin. Waɗanda suka tsira suka mayar da abin labari, suka sa shi cikin waƙoƙinsu na gargajiya da ake kira nandong, da tatsuniya, da waƙar reno. Saƙon gajere ne: idan ƙasa ta motsa, teku ya ja baya, kada ka tsaya tsintar kifi, ka hau tudu. Shekara 97 kakanni suna faɗa wa jikoki. Ranar da abin ya dawo, aka yi ta ihun kalmar, kowa ya san inda zai nufa. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama al'ummar tsibirin da lambar yabo. A 2010 kuma Kanamori da abokan aikinsa suka sake duba tsofaffin takardun na'urori na 1907, suka nuna cewa waccan girgizar da ta haifi smong tana cikin dangin girgizar tsunami.

Kishiyar wannan labari ta faru ba da nisa ba. Ranar 17 ga Yuli, 2006, da rana, girgiza mai maki 7.7 ta faru kudu da tsibirin Jawa. A garin shaƙatawa na Pangandaran mutane kaɗan ne suka ji ta. Ruwa ya zo ya kashe fiye da mutum 600. Na tsibiran Mentawai ya fi ban tausayi. A Satumbar 2007 an yi musu girgiza mai tsanani, maki 8.4, suka gudu tudu, ruwan da ya zo bai taka kara ya karya ba. Da daren 25 ga Oktoba, 2010 aka yi wata mai maki 7.8, a hankali, a leɓe. Da yawa suka auna ta da ta 2007, suka ga ba ta kai ta ba, suka zauna. Cikin mintoci ruwa ya iso, a wasu wurare ya haura mita 15, fiye da mutum 400 suka rasu. Mutanen nan sun san tsunami, sun kuma yi aiki da abin da suka gani da idonsu. Ma'aunin da suka riƙe ne ya yaudare su, wato ɗaukar cewa ƙarfin jijjiga shi ne girman ruwa.

Mita hamsin a rana guda

Har zuwa wannan lokaci ana kallon fizgewar leɓe a matsayin abin da yakan faru jefi-jefi a wasu keɓaɓɓun wurare. Ranar Juma'a 11 ga Maris, 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, Japan ta ga abin da ya sauya wannan tunani. Girgizar Tohoku, mai maki 9.0, ta faro daga cikin tsaga kamar yadda aka sani. Amma da fizgewar ta iso leɓe, maimakon ta mutu, sai ta ƙara gudu har ta ɓullo a cikin kwazazzabo. Da aka gwada taswirar ƙasan teku ta kafin ranar da ta bayanta, aka ga bakin faifan ya matsa gabas da kimanin mita 50. Rabin tsawon filin ƙwallo ke nan, cikin 'yan mintoci. Ba a taɓa auna zamewa mai yawan haka ba a tarihi.

Japan ta fi kowace ƙasa shiri, amma gargaɗin farko da hukumar yanayinta ta fitar bayan minti uku ya ɗauki girgizar a matsayin maki 7.9, ya kuma yi hasashen ruwa mai mita shida a lardin Miyagi, mita uku a Iwate da Fukushima. Garin Taro yana da katangar kare teku mai tsayin mita goma, mutane suna alfahari da ita. Ruwa ya haye ta. A wasu wurare ya hau tudu kusan mita 40. Fiye da mutum 18,000 suka rasu ko suka ɓata, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na gawarwakin da aka samu nutsewa ce ajalinsu. Tashar nukiliya ta Fukushima ma ruwan ne ya kashe mata injinan sanyaya.

Shekara guda bayan haka, a Afrilu da Mayun 2012, aka tura jirgin haƙa na Japan mai suna Chikyu ya tsaya bisa wurin. Ya zura bututu cikin ruwa mai zurfin kusan kilomita bakwai, sannan ya huda ƙasan teku fiye da mita 800 har ya ratsa tsagar kanta. Abin da aka ciro ya ba da mamaki. Duk wannan ɓarna a kan wani siririn shimfiɗi ta gudana wanda kaurinsa bai kai mita biyar ba, na wani irin yumɓu mai santsi. Aka bar na'urorin auna zafi a cikin ramin wata tara, domin gogayya tana barin ɗumi, daga ɗumin kuma ana iya lissafa ƙarfin cizo. Lissafin ya ba da 0.08, alhali yawancin duwatsu suna wajen 0.6. Gwajin da aka yi wa yumɓun a ɗakin bincike ya ƙara nuna cewa idan aka murza shi da gudu, ruwan da ke cikinsa yakan yi zafi ya kumbura ya ɗage nauyin da ke kansa, sai ya koma kamar an zuba miyar karkashi a tsakani. Ashe laushin da aka ɗauka birki ne, shi ne santsin.

Zamewar da ba a ji

Akwai wani ɓangaren labarin da har yanzu ake kan rubutawa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, na'urorin GPS suka fara nuna cewa tsaga takan zame ba tare da ko ɗan motsi ba. Zamewar da za ta ɗauki daƙiƙoƙi a girgiza, sai ta ɗauki mako biyu ko wata guda. A gabas da garin Gisborne na ƙasar Niyu Zilan an fara ganin irin wannan a 2002. A Satumbar 2014 na'urorin da aka shimfiɗa a ƙasan teku a wurin suka nuna ƙasan ya ɗaga da 'yan santimitoci cikin makonni kaɗan, kuma zamewar ta kai har kusa da kwazazzabo. Da a lokaci guda ta faru, da girgiza ce mai maki 6.8. Kuma a wannan yankin ne aka yi girgizar tsunami har biyu a 1947, ta watan Maris ta ɗaga ruwa kusan mita goma. Wato leɓe guda yana iya silalewa shiru bana, ya fizge wata shekarar.

Masana suna kallon wannan silalewa ta fuska biyu. Tana iya zama sassauci, kamar a riƙa sassauta igiyar baka kaɗan-kaɗan, ƙarfin da ya taru ya ragu. Tana kuma iya ɗora nauyi a kan maƙwabcin sashe da yake cije. A Tohoku an gano cewa an yi irin wannan silalewa a makonnin da suka gabaci babbar girgizar, aka kuma yi wata mai maki 7.3 ranar 9 ga Maris, kwana biyu kafin ta. Sai dai sau da yawa silalewar takan zo ta wuce ba abin da ya biyo baya, shi ya sa ba ta zama hanyar faɗin ranar girgiza ba. Abin da Japan ta yi bayan 2011 shi ne ta shimfiɗa tashoshin awo 150 a ƙasan teku, haɗe da waya har tudu, domin a auna tudun ruwan kansa tun yana can, a daina dogaro da jijjiga kaɗai.

Abin da aka rubuta, abin da aka manta

Wanda ya bi tarihin nan zai lura cewa na'ura ba ta daɗe ba, shekarunta ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, alhali tsaga takan yi shekara ɗari biyar ko dubu kafin ta maimaita kanta. Giɓin da ke tsakani, alƙalami da baki ne suke cike shi.

A Janairun 1700 wasu ma'aikatan hukuma a garuruwan gaɓar Japan suka rubuta a kundin aikinsu cewa ruwa ya shigo cikin dare ya ɓata gidaje da gonaki, ba tare da an ji girgiza ba. Ba su san daga ina ya zo ba, sun dai rubuta rana da lokaci. Bayan kusan shekara 300, a 1996, Kenji Satake da abokan aikinsa suka yi lissafi da waɗannan rubuce-rubuce suka gano cewa ruwan daga ɗaya gefen tekun Fasifik ya taso, daga gaɓar arewa maso yammacin Amurka, a daren 26 ga Janairu, 1700. Matattun itatuwan da ke tsaye a fadamun gaɓar can suka gaskata lissafin, haka ma labaran baka na 'yan asalin yankin, waɗanda suka riƙe zancen wani dare na hunturu da ƙasa ta girgiza ruwa ya share ƙauye. Da wannan ne biranen Siyatil da Bankuba suka san girman abin da ke kwance kusa da su.

Akwai kuma rubutun da aka yi amma ba a saurara da wuri ba. Wani kundin tarihin fadar Japan da aka kammala a shekara ta 901 ya kawo labarin ruwan da ya mamaye filin Sendai a 869, ya kashe kimanin mutum dubu. Wani masani, Koji Minoura, ya tona gonakin yankin ya samu yashin teku a binne can cikin tudu, ya wallafa gargaɗi a 2001. Shekara goma bayan haka ruwa ya sake bin wannan filin. A ƙauyen Aneyoshi kuwa, wanda ruwa ya share a 1896 ya sake sharewa a 1933, waɗanda suka rage sun kafa dutse a gefen tudu suka sassaƙa gargaɗi a jikinsa cewa kada zuriyarsu ta yi gini ƙasa da nan. Jikokin suka bi. A 2011 ruwa ya hau kwarin kusan mita 39, ya tsaya kafin ya kai ga dutsen, gidajensu na sama ba abin da ya taɓa su.

To mu dawo gida. Tsunami ba zai zo Katsina ba, amma ruwa yana da hanyoyinsa a ƙasarmu, kuma yakan yi shekaru bai bi su ba har a manta. A daren 15 ga Yuli, 2018, ambaliya ta afka wa garin Jibiya mutane suna barci, ta kashe fiye da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. A Satumbar 1994 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri, a Satumbar 2024 ya sake, shekara talatin cif. Yaron da aka haifa bayan na farkon ya girma ya yi aure ya gina gida, bai taɓa ganin inda ruwan ya tsaya ba. Kakanninmu sun san wannan matsala, shi ya sa suke raɗa wa shekarun wahala suna, kamar yunwar Kakalaba ta 1914, domin suna ya fi lamba zama a ka. Da Michael Watts ya zauna a Kaita yana binciken tarihin yunwa a ƙasar Hausa, wanda ya fito a littafinsa na 1983, irin waɗannan sunaye da tsofaffi suka riƙe suna cikin abin da ya taimaka masa.

A unguwannin da ruwa ya taɓa ci a garuruwanmu, har yanzu akwai dattawan da za su iya nuna maka da sanda inda ya tsaya a jikin bango, su faɗa maka wace shekara ce, da ta wace hanya ya shigo, da ko an yi ruwan sama a garin a daren ko daga wani wuri ya gangaro. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci, domin irin kuskuren Mentawai muna da shi: mutum ya leƙa waje ya ga yayyafi ne kawai, ya koma ya kwanta, alhali an kwana ana tafka ruwa a can saman kogi. Duk wanda zai rubuta irin wannan, ya sa rana da wata da shekara, ya sa sunan unguwa, ya auna tsayin da ƙafa ko da mita. Ma'aikatan Japan na 1700 abin da suka yi ke nan, kuma bayan ƙarni uku aikinsu ya yi rana.

Wanda yake da labarin wata tsohuwar ambaliya daga garinsu, da sunan da aka raɗa mata idan akwai, ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu. Gyara da ƙarin bayani duk muna maraba. Allah Ya kiyaye mu, sai mako mai zuwa idan Ya kai mu.